Mijin Tsohuwa

A bayan wani shagon buga allunan talla, kan layin masu sayar da tayoyi, akwai wani ɗaki marar taga. A nan Tsohuwa take, a nan kuma Auta yake wuni.

Tsohuwa ba mutum ba ce. Injin buga manyan hotuna ne, tsawonsa ya fi na gado, da wata kwamfuta ruwan toka da aka haɗa su da waya mai kauri. Tare aka sayo su, na hannu, tare kuma ake kiransu da suna ɗaya. In ka ji an ce Tsohuwa ta tashi lafiya, to aiki na tafiya. In ka ji an ce ta sume, to fuskar kwamfutar ce ta rikiɗe ta koma shuɗiya da fararen rubutu a kai, injin kuma ya ƙame a tsakiyar aiki, rabin hoto a waje rabi a ciki.

Ɗakin sanyi gare shi kamar cikin firji, don injin ba ya son zafi. Mutane na sharce gumi a titi, Auta na ciki da rigar sanyi. Fitila ɗaya ce doguwa a sama, haskenta iri ɗaya safe da yamma, sai dai ya gane lokaci da kunne. In ya ji ana gangaro da tayoyi bakin hanya, hantsi ya yi. In ya ji ana mayar da su ciki, rana ta yi sanyi. Warin tawada ya kama gashinsa da tufafinsa, har in ya shiga motar haya wani kan tambaya ko fenti aka zubar. Kujerarsa ta lotsa daidai jikinsa, duk wanda ya zauna a kai sai ya ji kamar ya sa takalmin wani.

A gida Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe. A shago kuwa sunansa Mijin Tsohuwa. Baba Mai Almakashi ne ya raɗa masa, wani dattijo da ke datse gefen allunan in sun fito, ya naɗe bakinsu, ya huda musu ramukan igiya. Tun zamanin mahaifin su Auta yake shagon, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

"Ango, yaya amarya ta kwana?" Gaisuwarsa ke nan kullum.

"Da sauƙi, Baba."

"Ka lallaɓa ta dai. Ni na auri irinta, na san halinsu. Da ka ɗaga murya sai su kama ƙirji."

Mahaifinsu da buroshi yake rubuta alluna. Ya rasu Auta yana firamare. Yayansa, wanda ya girme shi da nisa, ya ajiye karatu ya ɗauki buroshin, da shi ya riƙe gida. Shi ya yi ta faɗi-tashi har ya sayo Tsohuwa lokacin da mutane suka daina son allon fenti. Shi ya kai Auta makarantar koyon kwamfuta, ranar farko ma har ƙofar aji ya raka shi, da fenti a farcensa. Bai taɓa yi masa gori ba, ko da wasa. Da ma yana yi, da Auta ya sami abin da zai riƙe ya yi fushi.

Yaya mutum ne mai sauri. Ba ya bari ka kai ƙarshen magana, ya riga ya san inda ka dosa, ya ba ka amsa ya wuce. Auta kuwa bai iya katse kowa ba. Mai kawo aiki zai zauna ya ba shi labarin ciwon bayansa tun daga ranar da ya fara, shi yana gyaɗa kai. Ko rediyo ba ya kashewa sai mai magana ya kai aya. Inna, mahaifiyarsu, kan ce ɗaya ya kwashe gaggawar gidan kaf bai rage wa ɗaya ko kaɗan ba.

Matar Auta ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har shi. 'Yarsu ɗaya, suna kiranta Ɗigo, don da aka haife ta ba ta cika tafin hannu biyu ba. Ɗigo na rarrafe aka yi wa Nas canjin wurin aiki zuwa wani gari, tafiyar wuni guda a mota. Ba yadda za ta yi, ta ɗauki yarinyar ta tafi. Ba ta daɗe ba ta kira shi da murna: kusa da asibitin akwai wani mai gyaran kwamfuta, yana da teburin da ba kowa a kai, ya ce in mijinta ya zo nasa ne.

Auta ya sami Yaya yana lanƙwasa ƙarfen allo a bakin shago.

"Yaya, dama ina so in ce, tunda Nas ta..."

"Na sani. Wa zai raba mutum da iyalinsa? Ka gyara mana Tsohuwa ta daina wannan sumar, ka kama hanya. Ni da kaina zan kai ka tasha."

Magana ce mai kyau, ba inda za ka kama ta. Auta ya sayo babban akwati, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, Tsohuwa ba ta sumewa in Auta na nan. Sai ta yi wata da watanni tana aiki kamar sabuwa. Ranar da ya fita, ko Inna ya raka ganin likita, kafin ya dawo an kira shi. Wani karon yana tasha, ya riga ya sa ƙafa a mota, waya ta yi ƙara. Wani karon ya kai har can. Ya cire takalmi ɗaya a ƙofar ɗakin Nas, Ɗigo tana leƙensa daga bayan uwarta, sai ga muryar Yaya a waya: ta sume a kan aikin wani mai makaranta, kan injin ya tsaya a tsakiya, in tawada ta bushe a cikinsa shi ke nan an rufe shago. Auta ya tsaya da takalmi ɗaya yana koya masa yadda zai tashe ta. Ta tashi, kafin a rufe shago ta sake faɗuwa. Washegari motar farko ya biyo.

"Shagwaɓa ce kawai," in ji Baba Mai Almakashi. "Ta san takunka, ta san warinka."

Yaya ya yi dariya, amma rabin dariya ce. "Hannunka take so, Auta. Ni in na taɓa ta kamar na mare ta."

Auta bai yarda da wannan ba, ya san inji ba ya sanin mutum. Duk sa'ad da kwamfutar ta faɗi takan bar ɗan bayani a cikinta, na abin da take yi a daidai lokacin da sunan wanda take zargi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yau ta ce manhajar sauti ce, ya cire ta, ai ba waƙa ake bugawa ba. Gobe ta ce manhajar maganin bairos ce, mai kare kwamfuta daga cuta. Jibi ta nuna zuciyar tsarin kwamfutar kanta, wurin da ba a taɓawa. Kullum da sabon mai laifi, kamar mai zazzaɓi yana sambatu. Abu ɗaya ne ba ya canzawa. Kowanne kukansa ɗaya: ya je ɗaukar abin da ya ajiye a memori, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke ɗora aikin da ke hannunta, ya tarar da shirme a wurin.

Sai ya zargi memorin. Ya zare sandunansa ya goge bakinsu, daga baya ya canza su gaba ɗaya. Ya canza akwatin wutar da ke cikin kwamfutar. Ya hure ƙura, ya ƙara fanka. Ya share komai ya sake zuba tsarin tun daga tushe. Sayen sabuwar kwamfuta kuwa ba zance ba ne. Akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta tsakanin kwamfuta da injin, kuma ba ta zama a kan kowace kwamfuta sai irin wannan tsohuwar. Kamfanin da ya ƙera injin ya daɗe da rufewa. Ba wanda za a kai wa ƙara, ba sabuwar direba da za ta fito har abada.

Ita direbar ma ya zarge ta. A cikin tsarin akwai wani abu kamar mai gadi. In ka kunna shi, yakan sa ido kan duk wurin da direba ta ara a memori, da ta taka inda ba nata ba ya kayar da kwamfutar nan take, ya faɗi sunanta. Auta ya kunna shi ranar hutu, ya rufe kansa a ɗakin, ya yi ta buga aiki kan aiki, manya da ƙanana, masu launi da marasa launi. Tsohuwa ta yi nauyi saboda mai gadin, amma ko tuntuɓe ba ta yi ba. Ya sake a wani hutun. Shiru. Ya kashe mai gadin, ya zauna yana kallon bango.

Ana cikin haka Ɗigo ta miƙe tsaye, ta fara tafiya, ta fara haɗa kalmomi. Duk a waya ya gani. Inna kuma ta ga akwati zaune ba komai a ciki, ta fara ajiye zannuwan gado a cikinsa.

Waya ba ta kamawa a ɗakin Tsohuwa. In zai kira Nas sai ya fita ta ƙofar baya, ya tsaya a wani lungu tsakanin bango da tarin tsofaffin tayoyi, inda in ka ɗaga kai sararin da kake gani bai fi faɗin tawul ba. A nan ya tsaya wata rana da tsakar rana, lokacin hutunta.

"Ranki ya daɗe."

"Kai dai naka ya daɗe, mai jinya. Yaya marar lafiyarka?"

"Tana nan. Ina ganin na kusa..."

"Ka kusa. Bara ma ka kusa." Ba faɗa take ba, muryarta a kwance take, abin da ya fi damunsa ke nan. "Mai gyaran nan ya tare ni jiya. Wani ya zo neman teburin, ya ce masa ya dakata zuwa ƙarshen wata. Ya ce in tambaye ka, da gaske akwai ka, ko ni na ƙirƙiro ka don a daina damuna."

Ya yi 'yar dariya. Ba ta taya shi ba.

"Ƙusar nan da na buga maka a bayan ƙofa, ta rataye riga. Na gaji da ganinta haka, na rataye jakar Ɗigo."

Sai ya shiga ba ta labarin mai gadi, yadda ya ba da hutunsa yana gwaji ba abin da ya fito.

"Tsaya," in ji ta. "Wa ya yi gwajin?"

"Ni mana."

"Kai da ba ta sumewa a hannunka?" Ya ji ta sauke numfashi. "Mu in mutum ya warke a gadon asibiti, ya koma gida ya kwanta, ya dawo ya warke, ya koma ya kwanta, ba jininsa muke ta ɗiba ba. Zaunar da shi muke ya faɗa mana abin da yake yi a gida. Ka taɓa zama ka ga yadda Yaya yake aiki da ita?"

Bai taɓa ba. Ta yaya ma? In yana nan shi ne a kan kujera, in ba ya nan ba ya nan.

Da safe ya riga kowa zuwa, ya kunna mai gadin. Da Yaya ya shigo ya miƙe ya ja masa kujera.

"Yaya, yau kai za ka zauna."

"In zauna ina? Ga mutane can a gaba suna jira, kana nan lafiyarka lau."

"Ka ɗauka na yi tafiya. Ka yi yadda kake yi in ba na nan."

Baba Mai Almakashi ya leƙo da kai ta ƙofa. "Af! Yau miji zai ba da aron kujera yana kallo? Ku dakata in ɗauko tabarau, wannan ba a ba da labarinsa."

Yaya ya yi tsaki, ya zauna, ya yi ta mutsu-mutsu a kan lotsawar da ba tasa ba. Auta ya kife wani kwalin tawada a kusurwa ya zauna, hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

Kallon ya fi aikin wuya. Yaya ba ya jira hoto ya gama buɗewa. Inda ake dannawa sau ɗaya sai ya danna ya ƙara. Yana aiki yana ƙwala wa Baba kira. Auta ya yi ta cizon leɓe, amma Tsohuwa ba ta ce komai ba. Allon mai wankin mota ya fito, na mai sayar da gilashin ido ya fito. Har aka gama gangaro da tayoyi a waje, rana ta take, ba abin da ya faru. Zuciyar Auta ta fara sanyi. Wannan ma ba shi ba ne.

Sai ga wata mai shagon ɗinki ta biyo Yaya har cikin ɗakin, tana fifita da gefen mayafi duk da sanyin. Allon ƙofar shagonta take so, ja da fari. Yaya ya tura aikin. Injin ya fara kai da komo, jan ya fara fitowa.

"Kai, malam, wannan jan ya yi duhu! Kamar hanta. Ni ja mai haske na ce, irin..."

Ba ta rufe baki ba Yaya ya kai hannu ya soke aikin. A daidai nan fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya.

"Ka gani ko!" Yaya ya buga tebur. "Kana zaune ma ta yi!"

Auta ya riga ya miƙe, kwalin ya faɗi a bayansa. Ya kusa manna hanci da gilashin. A ƙasan fararen rubutun akwai suna, kuma a karon farko tun da yake wannan bincike, sunan direbar injin ne.

"Yaya, me ka danna?"

"Ba abin da na danna. Soke aikin kawai na yi."

"Kana yawan yi?"

"Yo in tsaya ina kallo ledar allo da tawada suna ƙarewa a banza? Kai ba ka yi?"

Auta ya tsaya yana tunani. Shi kam bai taɓa ba. Kafin ya tura babban aiki yakan buga ɗan ƙarami kamar tafin hannu, ya miƙa wa mai shi, ya jira ya gama duk abin da zai faɗa, har da labarin ciwon baya. In kuma an yi rashin sa'a aiki ya ɓaci yana tsakiya, barinsa yake ya fita har ƙarshe, Baba ya ba masu tayoyi su yi rumfa da shi. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin dabara ba. Hannunsa ne kawai ba ya zuwa wurin, ya ga abu yana tsakiyar tafiya ya tsayar da shi.

Da aka sallami mai ɗinki da ja mai haske, suka rufe ƙofa suka gwada. Aka tura aiki aka soke, ta faɗi. Aka tashe ta, aka sake, ta faɗi. Aka tura aka bar shi ya kai ƙarshe, lafiya lau.

Auta ya yi musu bayani. Ya ce in an tura hoto, direba kan ari ɗaki a memori ta zuba shi, tana ɗiba tana miƙa wa injin. In aka soke aikin sai ta mayar da makulli ta ce ta tashi, alhali ba ta daina shiga ɗakin tana jibge kaya ba. Kwamfuta kuwa ta riga ta ba wani ɗakin. Sai kayan su danne na sabon mai ɗaki. Shi kuma ba ya ganewa sai can anjima, in ya zo ɗaukar abinsa ya tarar da shirme, ya faɗi, a rubuta sunansa. Shi ya sa sumar ba ta zuwa lokacin da aka soke, sai an manta, shi ya sa kuma kullum wani daban ake kamawa. Yau mai gadi ne ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya kama ta da kaya a ka.

"Ashe munafuka ce," in ji Baba Mai Almakashi. "Ta yi ɓarna ta bar maƙwabta da shan duka."

"To gyara ta," in ji Yaya.

"Ba ta gyaruwa, Yaya. Waɗanda suka rubuta ta ba su nan. Amma ba sai an gyara ba. Kada dai a soke aiki. In ya ɓaci a bar shi ya fita. A kashe ta a kunna don a tsayar da aikin ma ya fi cin tawada, don sai injin ya sake wanke kansa. Shi ke nan maganin. Ko Baba ya zauna a kujerar nan ba za ta sume ba."

"Ni? Allah ya sawwaƙe, ina da tawa a gida."

Auta na murmushi, yana jiran Yaya ya ce wani abu game da tasha. Yaya ya dubi injin. Sannan ya dafa kafaɗarsa, idonsa ya ciko.

"Ka ga abin da nake faɗa? Wa zai gano wannan in ba kai ba? Shekara nawa tana wahalar da mu. Yau wannan ne, gobe in wani ya taso fa, wa zan kira?" Ya share ido da bayan hannu. "Bari mu ga wata guda tukuna, mu tabbatar. Ba gudu ake ba."

Ya fita wurin masu jira. Auta ya tsaya, murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba. Ya tayar da kwalin da ya faɗi, ya kashe mai gadin, ya koma kan kujerarsa. Ta karɓe shi daidai jikinsa.

Ran nan ya fita lungun tayoyi, ya riƙe waya, bai kira ba. Me zai ce mata? Shawararta ta yi aiki, ya gano ciwon, kuma ganowar ta zama sabon dalilin zama. Wata ya yi nisa, teburin can yana jira zuwa ƙarshensa. Kwanakin da suka biyo ya yi aikinsa kamar kullum, ya buga ɗan ƙarami ya miƙa, ya saurari mutane. In Yaya ya shigo ɗakin sai ya buɗe baki, kafin ya haɗa kalma Yaya ya tambayi abin da ya kawo shi ya fita.

Ranar da abin ya zo, ba shiri ya yi ba. Yana waje yana taya Baba riƙe wani dogon allo ana huda shi, Yaya ya shiga ya tura aiki da kansa don mai shi na gaggawa. Allon gaban wani kanti ne, daga wannan bango zuwa wancan. Auta ya shigo ɗaukar reza, ya tarar injin ya ci kamar kamu biyu, Yaya kuma ya dafe kai. Tsohon hoton ya tura, wanda mai kantin ya ce a canza.

Hannun Yaya ya tafi. Auta ya riƙe wuyan hannun.

Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe Yaya haka ba. Su duka biyun suka kalli wurin.

"Sakar ni, ledar nan..."

"Yaya, bari in gama magana."

Injin na kai da komo a bayansu. Auta ya ci gaba.

"Ka ce in gyara ta in tafi. Ba abin da ya rage da zan yi mata. Ko na shekara goma a ɗakin nan, abin da na faɗa maka shi ne, ba ƙari. Saura naka ne, ka bar shi ya fita. Ɗigo tana magana yanzu, Yaya. Ban san me take cewa ba sai uwarta ta fassara mini."

Ya saki hannun. Linzamin kwamfutar na nan kusa da yatsun Yaya, ba abin da ya tare shi.

Yaya ya miƙe a hankali. Ya mayar da hannuwansa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya tsaya a gaban injin. Ledar na fitowa kaɗan-kaɗan, mai kyau, mai sheƙi, ba ta da amfani. Ta sauko ta taɓa ƙasa, ta fara naɗewa a kan takalminsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Mutumin da ba ya iya jiran ruwa ya tafasa, ya tsaya yana kallon asararsa tana tafiya a hankali kamar ba za ta ƙare ba. Baba Mai Almakashi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

Da injin ya kai ƙarshe ya yi shiru, fuskar kwamfutar na nan yadda take.

"Masu tayoyi sun sami rumfa har da ta 'ya'yansu," in ji Baba, a hankali.

Yaya bai juyo ba. "Ka je ka gan su," ya ce. "Ka yi kwana biyu. Mu ga yadda za ta yi."

Auta ya jira ko akwai saura. Babu.

A gida ya jawo babban akwatin, ya buɗe, ya ga zannuwan Inna a jere, an goge an ninke. Ya mayar ya rufe, ya tura shi inda yake. Ƙaramar jaka ya ɗauka. Da safe Yaya bai kai shi tasha ba, akwai mutane a shago, kuma ai ba tafiyar ƙaurar ba ce wannan.

Mota ta fita gari, gidaje suka fara ja da baya, sai waya ta yi ƙara. Ya ga sunan Yaya, ya ɗauka.

"Ba ta sume ba," in ji Yaya da sauri. "Kada ka tsorata. Na bar wani ya fita har ƙarshe yanzun nan, cikina kamar ana yanka shi. Amma akwai wata ƙara da take yi ta gefen hagu, ƙis-ƙis, ka san ta?"

"Ta daɗe tana yi, ba wani..."

"To. In ka dawo ka duba. Ka gaishe su."

Ya kashe. Auta ya bar wayar a kunne har ta yi duhu. Kafin ya mayar da ita aljihu saƙon Nas ya shigo, tana tambaya ko ta sauke jakar Ɗigo daga kan ƙusa. Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Daga ƙarshe ya ce ta bar ta tukuna, in ya iso sa yi magana.

Matar da ke kusa da shi ta shaƙi iska, ta dubi ƙarƙashin kujera.

"Wai fenti aka zubar a motar nan?"

Sai a lokacin ya lura da rigar sanyi ya fito, a cikin wannan zafi, gumi har ya jiƙa masa baya. Ya cire ta da ƙyar saboda matsi, ya ninke, ya rasa inda zai sa ta. Jakar ta cika. Ya ɗora ta a cinya, ya dafe da hannu biyu.